Wa Ya Ƙirƙiro Injin?

Jiya muna ƙarƙashin mota ka tambaye ni wai wa ya ƙirƙiro injin, kuma shi wa ya koya masa. Hannuna na cikin baƙin mai, shi ya sa na ce ka bari. To ajiye sifanar nan, yaro, ka saurara.

In sunan mutum ɗaya kake nema, za a ce maka James Watt. Amma shi ma gyara aka kawo masa, kamar yadda ake kawo mana. Tun 1712 wani mai sana'ar ƙarfe a Ingila, Thomas Newcomen, ya haɗa injin tururi mai zuƙe ruwa daga ramukan haƙar kwal. Tururi ya cika silinda, a fesa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa, sai nauyin iskar waje ya danna fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, ya yi ƙasa. Yana aiki, sai dai cin kwal kamar ba gobe.

Bayan shekara hamsin da ɗoriya, Jami'ar Glasgow ta miƙa wa Watt ɗan ƙaramin samfurin wannan injin ya gyara, don sana'arsa ke nan, gyaran kayan awo. Ya gyara. Da irin wasu yaranmu ne, da ya karɓi ladansa ya kama gabansa. Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai: don me injin ke yin 'yan bugu kaɗan tururi ya ƙare? Ya yi ta awo har ya gano cewa kowane bugu sai an sanyaya silinda, sannan a sake ƙona kwal a ɗumama ta. Ana hura wuta ana zuba mata ruwa ke nan. A 1765 dabara ta faɗo masa: a ja tururin zuwa wata tukunya daban ya huce a can, silinda ta zauna da zafinta. Ya yi rajistar dabarar a 1769.

Nan ne wurin da masu ba da labari suke tsallakewa, ni kuma nan ya fi burge ni. Dabara na hannu, injin ya ƙi samuwa. Babu maƙerin da zai iya huda babbar silinda ta fito daidai, tururi sai ya riƙa tsiyaya ta gefen fistan. Ka tuna yadda mota ke yi in ringi, zoben nan da ke zagaye da fistan, ya cinye, ba ƙarfi sai hayaƙi? To haka Watt ya yi shekaru yana toshe nan, can na ɓallewa. Wanda ya fid da shi John Wilkinson ne, mai narkar da ƙarfe, wanda a 1774 ya fito da hanyar huda bututun igwa a miƙe. Da aka juya wannan fasaha kan silinda, Matthew Boulton kuma ya zuba kuɗi, sai a 1776 injinan farko suka kama aiki. Shekara goma sha ɗaya tsakanin tunani da tashin injin!

Ko a asibiti haka abin yake. Alexander Fleming ya ga fumfuna ta kashe ƙwayoyin cuta a farantin gwajinsa a 1928, amma penisilin bai fara warkar da majiyyata ta hanyar allura ba sai 1941, bayan su Howard Florey sun sha wahalar tace shi a Oxford. 'Yan'uwan nan Wright da suka tashi jirgin sama a 1903 kuwa masu gyaran keke ne, bakanikensu Charlie Taylor ne ma ya ƙera musu injin.

Ka ce wa ya koya wa Watt. Ya yi shekara guda yana koyon ƙera kayan awo a Landan, sauran kuwa, injin da ya lalace ne ya koya masa.

Wancan injin da muka buɗe da safe, na ga kana shirin sa sabon ringi ka rufe. Dakata. Ɗauko ma'auni ka auna silinda ta uku, sama da tsakiya da ƙasa, ka zo ka gaya mini me ya sa ita kaɗai ta cinye.