Karayar Kafaɗa: Me Ya Sa Bakin Likitoci Bai Zo Ɗaya Ba?

Tambaya: Mahaifiyata mai shekara 72 ta faɗi, ƙashin dantsenta ya karye daga sama, daidai kafaɗa. Wani likita ya ce a rataye hannun kawai, wani kuma ya ce sai tiyata. Maganar wa zan bi?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, 'yar'uwa. Irin wannan saɓani ba baƙo ba ne, kuma kowannensu na iya zama da hujja.

Tun 1970 likitan Amurka Charles Neer ya kasa saman ƙashin gida huɗu: kan da ke juyawa cikin gaɓa, tudu biyu da jijiyoyin ɗaga hannu ke riƙe da su, sai sandar ƙashin. Ana cewa ɓangare ya goce idan ya matsa fiye da santimita 1 ko ya karkata fiye da digiri 45. Sai dai likitoci biyu kan duba hoto ɗaya su ƙirga daban, shi ya sa hoton CT, wanda ke nuna ƙashi yanki-yanki, ke taimakawa.

Daga nan horon da kowane likita ya samu ke shigowa. Wanda ya saba da masu haɗari ya fi karkata ga ɗaure ƙashi da farantin ƙarfe da kusoshi. A ƙashin tsofaffi mai laushi, kan na iya zamewa ƙasa har kusoshin su ɓullo cikin gaɓa, ko ya mutu saboda yankewar jini. Ƙwararren kafaɗa kuma, idan ƙashin ya dagargaje, yakan zaɓi gaɓar roba da ƙarfe mai juyayyen tsari (ƙwallon a jikin allon kafaɗa, gurbin a saman dantse) wadda Paul Grammont ya ƙirƙiro a Faransa, domin tana dogara da tsokar saman kafaɗa ko da jijiyoyin sun lalace.

A ganinmu kada a raina rataye hannu. Binciken PROFHER na Birtaniya, da aka buga a 2015 kan mutum 250 masu karayar da ta goce, bai ga bambanci tsakanin tiyata da rataya ba bayan shekara 2. Yawanci ana rataye hannun mako 3 zuwa 4, a sake hoto a makonnin farko, sannan a fara gashin ƙashi, wato atisayen motsa hannun, a hankali don kada kafaɗar ta sage.

Ki tambaye su: ɓangare nawa ya goce, kan ƙashin ya fita daga gurbinsa, kuma sau nawa suke yin aikin a shekara? Idan kan ya fita, ko ƙashi ya huda fata, ko hannun ya yi sanyi, kada a jinkirta.