Shin gwamnati ta yafe bashin korona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12 da ke Legas. A shekarar 2020 na karɓi rancen korona na naira dubu 300, na biya kusan rabi, sai ciniki ya ja baya na tsaya. Yanzu ana yaɗa wani saƙon murya a WhatsApp cewa gwamnati ta yafe bashin, har wani mutum yana zagaya rumfuna yana karɓar naira dubu 5 don a goge sunan mutum. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ba mutumin nan ko kwabo, domin babu wanda ke goge bashin banki a bakin rumfa. Kuɗin da ka karɓa na shirin da Babban Bankin Najeriya ya buɗe ne a 2020 da naira biliyan 50, ta hannun ƙaramin bankin NIRSAL, kuma rance ne mai wa'adi, duk da cewa jama'a sun saba kiransa tallafi. Wannan suna shi ya rikita mutane da yawa, kamar yadda ya faru da TraderMoni, shirin gwamnati na ba ƙananan 'yan kasuwa rance, a 2018, lokacin da wasu suka ɗauki naira dubu 10 da aka ranta musu a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Yafiya, in har za a yi ta, daga wanda ya ba da rancen take fitowa a rubuce.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da ka yi. Tun daga watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin bashi damar bin lambar BVN ya cire kuɗinsa daga asusun mai bashi a kowane banki. Ka duba halin da za ka shiga idan kuɗin buhunan da wani manomi ya aiko maka daga Aliero suka faɗo asusunka, aka kwashe su kafin gari ya waye, alhali amana ce a hannunka.

Saboda haka ka je bankin NIRSAL da kanka, ɗauke da katin shaidarka da rasitan biyan da ka yi, ka nemi a buga maka takardar abin da ya rage. Sannan ka rubuta buƙatar a tsawaita maka wa'adi, ka faɗi adadin da za ka iya biya duk wata ba tare da jarinka ya karye ba, kuma ka tabbatar an buga hatimin karɓa a kwafin da za ka riƙe.