Kafin ka tura kuɗin "maganin hapis na har abada", tsaya mu yi magana

Saƙo uku na ɗauko a satin nan duk a kan ciwon hapis (herpes), wato bairos ɗin nan mai fito da ƙuraje a baki ko a gaba, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Na farko wani tela ne daga Unguwar Rogo. Ya ce: "Anti, wata huɗu kenan da aka gwada ni aka ce hapis ne a gabana, ƙurajen su zo su tafi. Wani a WhatsApp ya ce yana da magani daga waje mai gyara ƙwayoyin halitta, sati uku an rabu da shi kwata-kwata, naira dubu 180. Har na fara neman mai sayen keken ɗinkina. In saya?"

Ƙanina dan Allah kar ka sayar da keken nan, kar ka tura ko sisi. Yau ɗin nan babu wani magani a duniya da aka amince yana fitar da hapis daga jiki gaba ɗaya, ba a Jos ba, ba a Amurka ba. Bari in faɗa maka dalili don kar gobe wani ya zo maka da sabon labari.

Bairos ɗin in ya shiga ta fata ba ya tsayawa nan, jijiya yake bi ya je ya kwanta a cikin wani ƙulli na jijiyoyi, na baki yana kwanciya a cikin kai ta wajen kunne, na gaba kuma can ƙasan ƙashin baya. To Allah ya yi wa ƙwayoyin jikinmu wata dabara, in ƙwaya ɗaya ta ji baƙo ya shige ta sai ta kashe kanta don kar ya hayayyafa, kamar yadda in gobara ta kama layin shaguna ake fasa shago ɗaya a tare wutar. Shi hapis ya san da wannan. Yana da sinadaran da ke toshe saƙon mutuwar, ɗaya ana kiransa ICP6, sannan a cikin jijiya yana sakin wani abu mai suna LAT da ke taimakawa ƙwayar ta ci gaba da rayuwa shi kuma yana ciki lamo. Ranar da zazzaɓi ya kama ka, ko gajiya ta yi yawa kamar ɗinkin sallah da ba a barci, sai ya farka ya biyo jijiyar ya fito. Shi ya sa kake ganin su zo su tafi, kuma kusan wuri ɗaya suke fitowa.

Maganar gyaran ƙwayoyin halitta ba ƙarya ba ce, a nan ne ma masu damfara ke samun bakin magana. A cibiyar Fred Hutch da ke Siyatil a Amurka, Dakta Keith Jerome da mutanensa suna aika wasu sinadarai masu yanka DNA ɗin bairos ɗin har inda yake kwance, a 2024 sun ba da rahoton kawar da kashi 90 cikin 100 ko fiye. Amma a jikin ɓeraye ne, ƙanina. Bai zama abin sayarwa ba balle a aiko maka shi a motar haya. Akwai kuma inda aka juya abin, aka raunana hapis ɗin aka mai da shi ɗan aike: Imlygic da Amurka ta amince da shi a 2015 don wani kansar fata, da Vyjuvek a 2023 na masu wata cutar gado da fatarsu ke saɓulewa. Dukansu da hapis aka yi su, amma ba maganin hapis ba ne.

Abin da kuɗinka zai saya ya amfane ka shi ne acyclovir ko valacyclovir, haka za ka ga an rubuta a kwali. Suna aiki ne lokacin da bairos ɗin ke hayayyafa, su rage zafi, su sa ƙurajen su bushe da wuri, musamman in ka fara sha tun kana jin ƙaiƙayi da tsikari kafin su fito. In suna yawan dawo maka likita na iya ɗora ka a kan shan kullum. Koma wurin wanda ya gwada ka ya rubuta maka, ka saya a famasi mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka riƙa shan ruwa sosai, in kana da ciwon ƙoda ka faɗa masa tun farko. Kuma ka daina ganin kanka kamar kai kaɗai ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da HSV-2, wato nau'in hapis ɗin da ya fi fitowa a gaba, yawancinsu ma ba su sani ba.

Ta biyu wata baiwar Allah ce daga Rikkos, an sa mata rana, wanda zai aure ta ya gaya mata yana da shi, yayarta a Ingila ta ce kamar ta ji akwai allurar rigakafi, ko ta nema a yi mata?

Ƙanwata da farko mutumin nan ya yi abin kirki da ya faɗa miki kafin aure, ba kowa ke iya wannan ba. Allurar da yayarki ta ji ina kyautata zaton Shingrix ce, wannan ta ɗan'uwan hapis ce, bairos ɗin ƙarambau da ke farkawa a jikin manya ya fito da ƙuraje masu azabar zafi a gefe ɗaya na jiki. Ba za ta kare ki daga HSV-1, nau'in da ya fi fitowa a baki, ko HSV-2 ba. Allurar waɗannan biyun har yanzu babu, kuma ba don ba a gwada ba, kamfanin GSK ya gwada wata a kan mata sama da 8,000, sakamakon ya fito a 2012 ba ta hana HSV-2 ba, a 2024 ma ya dakatar da wata. Toh kuɗin ki kai su gwaji. Ki yi na jini mai suna IgG ki san matsayinki, kar ki biya na IgM don yana yawan ruɗa mutane, ku yi na HIV ku biyun tunda HSV-2 na ƙara sauƙin kamuwa da shi. In shi yana shan valacyclovir kullum haɗarin ya sa miki yana raguwa da kusan rabi, ku haƙura da juna in ƙuraje sun fito ko yana jin alamarsu, kwaroron roba ma na ragewa ko da bai rufe ko'ina ba. In Allah ya kawo rabo ki faɗa a wurin awo ranar farko, kar kunya ta hana ki, kamuwa a ƙarshen ciki ita ce mafi haɗari ga jariri kuma likitoci sun san matakin da za su ɗauka.

Na uku wata uwa daga Gangare: duk hunturu leɓenta sai ya yi ƙurajen zazzaɓi, mai kemis ya ba ta kirim mai haɗi uku da Ampiclox, wanne ya fi?

Hajiya duka biyun ki ajiye su, ƙurajen zazzaɓin nan ma hapis ne na baki. Antibayotik ba ya taɓa bairos, kirim mai haɗi kuwa yawanci akwai sitiroyid a ciki wanda ke iya ƙara ta'azzara ciwon. Kirim ɗin acyclovir yana ɗan taimakawa in an shafa da wuri, ƙwayar sha ta fi shi aiki, sai ki riƙa shafa man leɓe saboda sanyin Jos da ke tsattsaga baki. Kar ki sa man goge baki a kai. In kin je barka ko suna da ƙurjin a bakinki kar ki sumbaci jaririn, ki wanke hannu kafin ki karɓe shi, ga jinjiri wannan ɗan ƙurjin na iya kaiwa har ƙwaƙwalwa. In kuwa ya fito kusa da ido ko idon ya yi ja yana zafi, ki wuce wurin likitan ido a ranar.