Me ya kashe Kentucky Colonels bayan ta ɗauki kofi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kallon wasan ƙwallon kwando sai na ji mai sharhi ya ambaci wata ƙungiya wai ita Kentucky Colonels, ya ce a zamaninta ba ta da ta biyu. Na duba jerin ƙungiyoyi 30 na gasar NBA ban ga sunanta ba. Ƙaura ta yi ta sauya suna, ko rushewa ta yi? In kuwa ƙarfinta ya kai haka, me ya kashe ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba ƙaura ta yi ba. Rufe ta aka yi ɗungurungum a 1976, shekara ɗaya tak bayan ta zama zakara. Ba za ka gan ta a jerin NBA ba domin ba ta taɓa shiga gasar ba. 'Yar gasar ABA ce, wadda aka kafa a Amurka a 1967 don ta goga da NBA. Ita ce gasar da ke wasa da ƙwallo mai launin ja da fari da shuɗi, kuma ita ta yayata jifan nesa mai maki uku tun kafin NBA ta karɓe shi a 1979.

Gidan Colonels shi ne birnin Louisville a jihar Kentucky. A gasar da ƙungiyoyi ke yawan tattara komatsansu su bar gari saboda bashi, ita da Indiana Pacers ne kaɗai suka yi kaka tara cur ba sauya gari, ba sauya suna. Babu kuma ƙungiyar da ta kai ta yawan cin wasa a tarihin ABA.

Mutum uku ne ƙashin bayanta. Louie Dampier yana nan tun kakar farko, ɗan madaidaici ne a tsakanin dogaye, amma in ya tsaya bayan layi ya saki ƙwallo sai dai a ji ta cikin raga, har ya zama wanda ya fi kowa tara maki a ABA. Dan Issel ya zo a 1970, a kakarsa ta farko ya fi kowa zura maki. Sai Artis Gilmore, dogo mai tsayin mita 2.18, wanda ya iso a 1971, a kaka guda ya haɗa kambin gwarzon sababbi da na gwarzon gasar baki ɗaya. A waccan kakar sun ci wasa 68, aka ci su 16, amma da aka zo wasannin kifa-ɗaya-ƙwala New York Nets ta yi waje da su tun zagayen farko. Haka suka yi ta fama. Sau biyu suna kai wa wasan ƙarshe, a 1971 da Utah Stars, a 1973 da Pacers, duk sai a wasa na bakwai, wato na raba gardama a jerin wasannin da ake bugawa, kofin ya suɓuce.

Haƙarsu ta cim ma ruwa a 1975 ƙarƙashin koci Hubie Brown. Sun doke Pacers wasa 4 da 1. A daren ƙarshe a filin Freedom Hall an tashi 110 da 105, Gilmore ya zura maki 28, ya kuma cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando har sau 31.

Daga nan ne labarin ke ɓata mini rai. Mai ƙungiyar, John Y. Brown ƙarami, attajirin da ya yi kuɗi da kamfanin KFC, ya sayar da Issel kafin a fara kaka ta gaba kan dala dubu 500, magoya baya suka yi ta ƙorafi. Ita kanta ABA tana ta zubewa: Baltimore Claws da San Diego Sails da Utah Stars da Virginia Squires duk sun durƙushe, saura shida. Da aka zauna teburin haɗewa a 1976, NBA ta ce huɗu za ta ɗauka, wato Denver Nuggets da Pacers da Nets da San Antonio Spurs, kowacce ta biya dala miliyan 3.2. Chicago Bulls, wadda ke riƙe da haƙƙin ɗaukar Gilmore a NBA, ba ta so Colonels ta shigo da shi a hannunta ba. Brown bai ja da nisa ba. Ya karɓi kimanin dala miliyan 3 ya rufe ƙungiyar, aka yi wa 'yan wasanta rabon gado. Chicago ta ɗauki Gilmore kan dala miliyan 1.1, Dampier ya tafi San Antonio, Maurice Lucas ya tafi Portland, inda ya ɗauki kofin NBA a 1977.

A ganina an zalunci mutanen Louisville. Suna cika fili, 'yan wasansu na cin wasa, amma ba a tambayi ko ɗayansu ba ranar yanke hukunci.

Kwatanta da ɗaya ƙungiyar da aka bari a waje, Spirits of St. Louis. Masu ita, 'yan'uwa biyu Ozzie da Daniel Silna, sun ƙi yarda a sallame su da kuɗi hannu kawai. Suka karɓi kimanin dala miliyan 2.2, suka kuma sa aka rubuta cewa kowace ɗaya daga ƙungiyoyin huɗu za ta riƙa ba su kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin talabijin ɗinta, ba ranar dainawa. Sai a 2014 NBA ta fanshi mafi yawan wannan alƙawari da dala miliyan 500.

Shi kuwa John Y. Brown ya sayi hannun jari a ƙungiyar NBA ta Buffalo Braves, ya musanya ta da Boston Celtics a 1978, ya ci zaɓen gwamnan Kentucky a 1979. Issel da Gilmore da Dampier duk an saka su a zauren karrama gwarazan ƙwallon kwando da ke Springfield, na ƙarshensu Dampier a 2015. Har yanzu Louisville ba ta da ƙungiya a NBA.