Littafin awo da takardun gidan Silbermann

Ka ce, "Maigida, me ya sa kake matsa mini in rubuta awon kowane aiki, bayan yana kaina?" To zauna, ɗana, ka ji.

Akwai wani gida na masu jin Jamusanci, gidan Silbermann. Sana'arsu ƙera ogan, babban abin kiɗan coci mai bututu. Rabinsa aikinmu ne na kafinta: katako, ƙwarya, da zugazugin da ke hura iska. Sauran kuma bututun kuza da dalma ne. Andreas Silbermann ya kafa shago a Strasbourg ta Faransa, ƙanensa Gottfried ya koya a hannunsa ya koma Freiberg ta Jamus.

Ɗan Andreas, Johann Andreas, wanda aka haifa a 1712, shi nake so ka riƙe. Mutumin nan bai raina rubutu ba ko kaɗan. Aikinsa, aikin mahaifinsa, har na wasu maƙera da ya leƙa ciki, duk sai ya rubuta: muryoyi nawa, nawa aka biya, ina aka yi ha'inci. Ba ya ɓoye ra'ayinsa a kan aikin kowa. Takardun sun kai kundi biyar, aka adana su, wani masani, Marc Schaefer, ya buga su a 1994. Har littafin tafiyarsa ta 1741, da ya ziyarci baffansa Gottfried, yana nan. Ɗakin karatu na Dresden ya saye shi a 2014.

Ga inda abin ke taɓa ni. A 1752 Johann Andreas ya ƙera ogan a garin Villingen na Jamus. Daga baya aka kwashe shi zuwa Karlsruhe, bom ya hallaka shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma rubutun wanda ya ƙera shi yana nan. Da taimakon rubutun wani maƙerin ogan, Gaston Kern, ya sake ƙera shi, aka kammala a 2002, sama da shekara 200 bayan rasuwar Johann Andreas.

Kai ma rubuta tsawo da faɗi da kauri, irin katakon, busasshe ne ko ɗanye, da kuɗin da aka yi jinga. In ƙofa ta kumbura da damina, rubuta wannan ma.

Sai dai takarda ba ta ɗaukar komai. Saita muryar bututu aikin kunne ne da yatsa, shi ya sa masu gyara ke zuwa sauraron waɗanda suka rage, kamar na cocin Saint-Thomas a Strasbourg, wanda Johann Andreas ya ƙera a 1741, wanda shahararren makaɗi Mozart ya kaɗa a 1778.