Zuwa taron ƙwararru ga ma'aikacin kwamfuta a jami'a

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zuwa taron ƙwararru zai amfane ka, tunda aikinka a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru gyaran kwamfuta ne da kula da intanet, ba koyarwa ba. Zai amfane ka ƙwarai.

Babbar ribar ba a kan mumbari take ba, a wajen shan shayi take. Nan za ka haɗu da wanda shi ma shafin rajistar ɗalibai ke tsaya masa duk farkon zango, ya nuna maka a wayarsa yadda suka raba nauyin a kan saba biyu, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafin. Ka karɓi lambarsa, domin ranar da layin intanet na harabar Kongo ya yanke, shi za ka kira.

Ka fara da horon ngNOG, wato ƙungiyar masu kula da hanyoyin sadarwar intanet ta Najeriya, can hannu ake sawa a na'ura. Sai taron shekara-shekara na NCS, ƙungiyar masana kwamfuta ta Najeriya, da na WACREN, cibiyar sadarwar bincike da ilimi ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, idan hali ya yi.

Kada ka je don takardar shaida da alawus kawai. Kuma ka kiyayi tarukan bogi masu karɓar kuɗi ba su koyar da komai. Batun tallafi kuwa, jami'in TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu) na jami'ar zai gaya maka sharuɗɗan bana, amma ka nema da wuri ta hannun shugaban sashenku.