Amsoshin Tambayoyinku: Fankar Sola, Ekstenshan Mai Zafi da Fiyus

Tambaya: Malam, na ga fankar sola an rubuta bolt 12, amfiya 3 a jikinta. Mai shago ya ce batir mai 100Ah zai riƙe ta kwana uku ba caji. In saya? (Wani ɗalibi, Arkilla)

Amsa: Ɗana, fankar ba laifi, maganar mai shagon ce ba ta hau ba. Ka ninka bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne wat: 12 sau 3, wat 36 ke nan. Batirin kuma, 100Ah na nufin amfiya 100 ta awa ɗaya: bolt 12 sau 100, wato wat 1,200 na awa ɗaya. Raba da 36, za ka ga awa 33 a takarda. Batirin ruwa kuwa ba a so a ci fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Ka sa ran awa 16. Ta ishe ka raba daren Afrilu, amma batun kwana uku babu shi.

Tambaya: Ekstenshan ɗina yana zafi har da warin roba idan na jona hita da dutsen guga tare. A ɗakin yarana ke kwana, hankalina ya tashi. (Wata uwargida, Mabera)

Amsa: Ƙanwata, Allah ya tsare miki su, kuma kin kyauta da ba ki yi shiru ba. Yau ɗin nan ki zare shi, kada ki jira gobe.

Ga abin da ke faruwa. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Ki duba jikin kowane kayan wuta, akwai inda aka rubuta wat ɗinsa. A ce hitarki wat 2,000 ce: ki raba da 230, tana jan amfiya 8.7. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan 5.2. Haɗe, kusan amfiya 14. Fulogi mai baki uku da muke amfani da shi iyakarsa 13. To ko ekstenshan ɗin na kirki ne, kin riga kin ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Ina kuma ga jabu? Nan ne raina yake ɓaci. Kowace waya tana da turjiya, wato tirjewar da take yi wa wuta, kuma ana gane ta ne idan an raba bolt da amfiya. Hitar nan taki, 230 a raba da 8.7, turjiyarta kusan om 26 ce (om shi ne ma'aunin turjiya), kuma da gangan aka yi ta haka don ta yi zafi. Wayar da ke kai mata wuta ita ba a so ta yi turjiya ko kaɗan. Amma masu son kuɗi ta kowace hanya sai su sirance wayar, su kumbura robar don ta yi kauri a ido. Wasu ma alminiyam ne a ciki aka lulluɓe da jan ƙarfe, alhali turjiyar alminiyam ta ɗara ta jan ƙarfe da fiye da rabi. Waya mai turjiyar rabin om kacal, idan amfiya 14 ta bi ta cikinta, zafin kusan wat 100 take fitarwa, a ƙarƙashin ledar ɗaki, kusa da katifa. Kuma duk lokacin da amfiya ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Ki haɗa wannan da bazarar Sakkwato, inda awon zafi ke wuce 40 tun kafin a kunna komai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu masu saye. Mutum zai zuba kuɗi a firij da talabijin, amma a kan wayar da za ta ɗauke su sai ya tsaya ciniki har ya samu mafi araha. Araha dai ba ta ado. Ki ce wa maigida idan ya shiga kasuwa ya ɗaga ekstenshan ɗin ya ji nauyinsa, mara nauyi abin zargi ne. Idan wayar yanka ce, a kankare bakinta da wuƙa: in fari ya leƙo a ƙarƙashin ja, a ajiye musu abinsu. Hita da dutsen guga kuma a soket ɗin bango ake jona su, ɗaya bayan ɗaya, kuma kaurin wayar soket kada ya gaza 2.5mm². Ekstenshan na cajin waya ne da fanka da talabijin. Kada a nannaɗe shi, kada a binne shi ƙarƙashin kafet.

Tambaya: Fiyus ɗin fulogina ya cika ƙonewa. In ɗaura masa waya mai kauri in huta? (Wani mai shago, Runjin Sambo)

Amsa: Haba Malam! Kai da ke da shago cike da kaya ne kake wannan tambayar? Fiyus an yi shi ne don ya ƙone kafin wayar ta kama. Idan yana yawan yankewa, ko dai kaya sun yi wa layin yawa, ko akwai inda waya ta taɓa 'yar'uwarta. Ka tara wat ɗin duk abin da ka jona, ka raba da 230. In ya wuce 13, rage kaya. In bai wuce ba, kira mai gyaran wuta ya bi layin, sannan ka sa sabon fiyus daidai da lambar wanda ya ƙone.